Wanda ya dawo daga jinya ko wanda ya kawo mu nan: da wa za a fara?

Koci_Bala:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau ni ne da tambaya, kuma don Allah a ajiye adawar kulob a gefe.

Duk wanda ya san ni a nan ya san shekara nawa na kwashe ina caccakar Pochettino, kocin Tottenham na lokacin, a kan wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2019 da Liverpool ta doke su. Lucas Moura ya ci uku rigis a gidan Ajax, ya tono Tottenham daga kabari ya kai ta Madrid, ranar wasan ƙarshe kuma aka zaunar da shi a benci aka fara da Harry Kane, wanda ya yi kusan wata biyu yana jinyar idon sawu. Kullum a gidan kallo cewa nake wannan butulci ne.

To ga shi abin ya zo kaina. Ƙungiyar yaran unguwarmu da nake riƙewa ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin da muke bugawa, ranar Asabar ne, kuma sili-ɗaya-ƙwale. Lamba tarana ya yi targaɗe mako biyar da suka wuce, shekaranjiya ya dawo atisaye yana cewa shi garau yake. Yaron da na saka a gurbinsa kuwa ƙwallo huɗu ya ci a wasa uku, har da wadda ta tsallakar da mu kwata fainal. Jiya da daddare na ɗauki biro zan rubuta sha ɗayan farko, kafin in ankara hannuna ya rubuta sunan lamba tara. Na ajiye biron na yi shiru.

Shin Pochettino daidai ya yi, ni ne ban gane ba sai yanzu?

Mai_Shayi_FC:
Hhhh Koci, jiki magayi. Da kana kan benci a gidan kallo da kofin shayi a hannu kowa ya iya horarwa.

Spurs_Har_Gobe:
Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi da Allah ya nuna mini wannan rana. Koci, shekara nawa ina faɗa maka? Kane fa a lokacin shi ne kyaftin ɗin Ingila, shi ya ɗauki takalmin zinare a Kofin Duniya na 2018 da ƙwallo 6. Ka ce mini wane koci ne zai kalli irin wannan ɗan wasa, likitoci sun ce ya warke, shi ma ya ce ya shirya, sannan ya bar shi a benci a wasa mafi girma a tarihin kulob ɗin? Da an ajiye shi aka sha kashi, da ku ɗin nan ne za ku ce Pochettino ya haukace. Kuma mutane suna mantawa, ko daƙiƙa 30 ba a yi da take wasa ba ƙwallon Mane ta taɓa hannun Sissoko, Salah ya ci fenariti a minti na 2. Duk abin da aka tsara a ɗakin canza kaya a nan ya watse. Ko Moura ne a fili, wannan fenaritin sai an ci shi.

Gunner_Dan_Kurna:
Kun fara ke nan. Fenariti a minti na 2, saura minti 88 fa. Me Kane ya yi a cikinsu? Ni dai na kalli wasan daga farko har ƙarshe, Van Dijk da Matip ko gumin kirki ba su yi ba.

Mai_Shayi_FC:
Amma ai Kane a wasan Ajax na farko ya ji ciwon ko? Wata guda ne kawai, ba wani dogon zama ba ne.

Malam_Kundi:
A'a Mai Shayi, ka haɗa. A wasan Manchester City ne, zagayen kwata fainal, karawar farko a Landan ranar 9 ga Afrilu, lokacin da suka yi karo da Fabian Delph. Wasan da Son ya ci ƙwallo ɗaya tilo. Wasan ƙarshe kuma 1 ga Yuni aka yi, wato kwana 53 bai buga wasan gasa ba. Kuma wannan idon sawun na hagu shi ne dai wanda ya ji wa ciwo a watan Janairu na shekarar a wasan Manchester United. Karo biyu ke nan a kaka ɗaya.

Abin da ba a cika faɗa ba, ba Kane kaɗai Pochettino ya yi wa haka ba. Harry Winks ma tun wannan dare na City bai sake bugawa ba, har tiyata aka yi masa, shi ma da shi aka fara. Winks ɗin aka cire a minti na 66 Moura ya shigo. Kane kuwa ya ƙarasa wasan.

Mai_Shayi_FC:
Na karɓi gyara Malam. Tsufa ne.

Dan_Anfield:
Ku tsaya in tuna muku abin da ke ba ni dariya duk lokacin da aka tayar da wannan magana. Klopp fa abin da Pochettino ya yi shi ya yi, sak. Daren da muka casa Barcelona 4-0 a Anfield babu Salah, babu Firmino. Origi ya ci biyu, har da ta huɗun nan ta kwanar Trent. Ranar wasan ƙarshe ina Origi? Yana benci. Firmino da ya dawo daga jinya aka fara da shi, kuma shi ma bai taɓuka komai ba. Bambancin kawai, Klopp ya duba ya ga mutumin nan ba ya cikin wasan, a minti na 58 ya cire shi ya sa Origi, Origi ya ci ta biyu a minti na 87. Koci biyu, shawara iri ɗaya, ɗaya ana kiransa gwani ɗaya ana kiransa butulu. Saboda haka Koci Bala, ni a wurina ba wanda ka fara da shi ne abin dubawa ba. Za ka iya cire lamba taran naka idan ka ga yana jan ƙafa, ko kunyarsa za ka ji?

Koci_Bala:
Wallahi Dan Anfield ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Yaron nan tun yana aji uku a firamare yake wurina. Ban taɓa cire shi a wasa ba sai dai in an gama cin wasan.

Gunner_Dan_Kurna:
To ka ga irin ta Pochettino ke nan. Ba zai iya cire Kane ba.

Baban_Madrid:
Ku kuna maganar wanda ya yi minti 90 bai yi komai ba, ku zo in ba ku labarin wanda ko minti 10 bai yi ba. Lisbon, 24 ga Mayu 2014, wasan ƙarshe na Zakarun Turai tsakanin Real Madrid da Atletico. Diego Costa na Atletico yana fama da tsokar bayan cinya, mako guda kafin nan ma a wasan da Atletico ta ɗauki La Liga a gidan Barcelona bai kai ko'ina ba ya fita. Aka kwashe shi zuwa Belgrade wurin wata mata da ke magani da mahaifar doki, ya dawo aka ce ya samu sauƙi. Simeone ya fara da shi. Minti 9 ya fita. A lokacin canji uku kacal ake yi, ɗaya ya tafi a banza tun mutane ba su gama zama ba. Godin ya ci musu, suka riƙe har minti na 93 Ramos ya sa kai ya farke. Da aka shiga ƙarin lokaci 'yan Atletico ƙafafunsu sun mutu, Juanfran ɗingishi yake yi kuma babu wanda za a saka. Bale, Marcelo, Ronaldo, 4-1. Ni ɗan Madrid ne, na ji daɗi, amma ko a daren na ce Simeone da hannunsa ya miƙo mana kofin nan.

Spurs_Har_Gobe:
Wannan daban. Costa bai warke ba, kowa ya sani. Kane ya warke.

Anti_Fisiyo:
Sannunku. Tun ɗazu nake karantawa, wannan kalmar ta "ya warke" ce ta sa na kasa yin shiru, domin aikina ke nan kullum a sashen gashin ƙashi.

Warkewa hawa-hawa ce. Akwai ranar da ciwo ya daina zafi in mutum yana tafiya. Akwai ranar da zai iya gudu a miƙe. Akwai ranar da zai iya taka birki da ƙafar, ya juya a kanta, ya yi tsalle ya dira a kanta ba tare da ya yi tunani ba. Sannan akwai ranar da numfashinsa da saurin ƙafarsa suka dawo irin na wanda yake buga wasa duk mako. Ɗan wasa yana cewa "na warke" tun a hawa na farko, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da jikinsa ya gaya masa ke nan. Kane ina ganin ya kai hawa na uku, na huɗun ne babu, kuma wannan ba a samun sa a atisaye, sai a wasa. Costa ko na biyu bai kai ba.

Targaɗen idon sawu yana da wata mugunta. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ba ɗaurewa kawai suke yi ba, su ne kuma suke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka. In suka ji ciwo wannan saƙon yana yin rauni, shi ya sa wanda ya taɓa yin targaɗe ya fi saurin sake yi, musamman in ya gaji.

Koci, gobe kafin atisaye ka yi masa wannan. Ya tsaya da ƙafar mai lafiya ita kaɗai, ido rufe, ka ƙirga. Ya sake da mai ciwon. Sannan ya yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai wasan langa, gaba sau goma, gefe da gefe sau goma, kowace ƙafa. Kada ka kalli ƙafar, fuskarsa za ka kalla, da yadda yake dira. Bayan haka ka sa shi gudun zikzak tsakanin duwatsu ko robobin ruwa da iya ƙarfinsa. Washegari da safe ka je gidansu da kanka ka duba ko wurin ya kumbura. Kada ka tambaye shi a waya, zai ce maka lafiya lau.

Koci_Bala:
Allah ya saka da alheri Anti. Na kwafe shi tsaf. In sha Allahu gobe da la'asar.

Sarkin_Yakin_Gwale:
Ni dai da za a ji tawa, a kai yaron wurin mai ɗori ya murza masa ƙafar ya shafa masa man kaɗanya, kwana biyu ya miƙe. Mu da haka muka taso.

Anti_Fisiyo:
Sarkin Yaƙi, ban raina masu ɗori ba, kakana ma yana yi. Amma ƙafar da ta yi mako biyar tana haɗewa ba murza take buƙata ba. Ƙarfafa ta ake yi. Ka ga dai Costa da aka kai wa mahaifar doki.

Tsohon_Lamba5:
Koci Bala, ka saurare ni da kyau, ni abin a jikina yake. Na buga wa wata ƙungiya a ƙaramin rukuni shekarun baya, ba zan kama suna ba. Muna wasannin neman hawa rukuni na sama, saura wasa biyu, gwiwata ta dama ta kumbura kamar ƙwarya. An ce akwai masu neman 'yan wasa da za su zo kallo. Ba wanda ya tilasta ni, ni na je na sami koci har ɗakinsa ina roƙo. Safiyar wasan aka yi mini allurar kashe zafi a bayan motar da ta kawo mu, aka naɗe gwiwar da bandeji har ba na iya lanƙwasa ta sosai. Rabin farko ban ji komai ba, har na ce ashe tsoro ne kawai. Bayan hutun rabin lokaci aka bugo wata ƙwallo sama, na tashi na sa kai, da na dira sai na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ban ma ji zafi sosai ba a lokacin, ƙafar ce kawai ta ƙi ɗaukata. Mun ci wasan 1-0. An ɗauke ni a kafaɗa zuwa mota ana ta murna, ni ma ina dariya.

Daga ranar ban sake buga wasan gasa ba. Sati biyu ana zuwa duba ni, daga nan ƙafa ta ɗauke. Kuɗin hoton gwiwar ma yayana ne ya sayar da babur ɗinsa ya biya. Yau shekarata 41, in zan yi sallah sai na miƙe ƙafar dama a zaman tahiya. Kocin nan har gobe muna gaisawa, ban riƙe shi ba, amma da ya ce mini a'a a daren nan da na yi fushin wata guda na huce.

Mai_Shayi_FC:
Subhanallahi. Allah ya ƙara lafiya Lamba 5.

Maman_Hanif:
Amin. Ni tambayata ɗaya ce, kuma ku yi haƙuri in na katse muku hirar Turai. Kane in ƙafarsa ta sake lalacewa albashinsa na tafiya, likitocin kulob na kansa, jirgi zai kai shi duk inda ƙwararre yake. Wannan yaron in ya karye wa zai biya? Koci, ka je ka sami mahaifiyarsa kuwa? Ɗana yana buga irin wannan gasa, kuma na san halinsu, a gida yana ɗingishi in ya hango ƙofar fili sai ya miƙe kamar soja.

Koci_Bala:
Hajiya gaskiya ban je ba. Babansa dai mun haɗu a masallaci ya ce "ai ya warware, ku ci mana kofi." Zan je wurin mahaifiyar.

Bako_A_Filadelfiya:
Ina gaisuwa daga nan Amurka, yanzu na tashi daga aiki na tarar da zancen ya yi nisa. A garin da nake akwai labarin da har yau ba a daina ba, amma a ƙwallon Amurka, wadda ake runguma da hannu. Terrell Owens na ƙungiyar Eagles ya karye a ƙafa, jijiyar idon sawu ma ta yage, a wasansu da Dallas cikin Disamba 2004. Aka yi masa tiyata. Wasannin sili-ɗaya-ƙwale duk ba da shi aka buga ba, abokan wasansa suka kai ƙungiyar Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasarsu. Likitan da ya yi masa aikin bai ba shi izinin bugawa ba, shi ya ce sai ya buga. Ranar 6 ga Fabrairu 2005, mako bakwai bayan karayar, ya cafe ƙwallo 9 ya ci yadi 122. Duk da haka New England ta doke su 24-21. A nan gwarzo ake ɗaukarsa.

Sai dai akwai abin da ya bambanta. A wasansu canji ba shi da iyaka, mutum zai fita ya huta ya dawo sau nawa aka ga dama, saboda haka koci yana iya gwada mai jinya kaɗan-kaɗan a cikin wasa ɗaya. Kuma suna da doka: wanda aka sa a jerin masu jinya, in za a dawo da shi ana buɗe masa kwana 21 na atisaye, in wa'adin ya cika ba a mayar da shi cikin masu bugawa ba to kakarsa ta ƙare. Duk Disamba hirar da ake yi a rediyo ke nan, wa zai dawo kafin wasannin fitar da gwani.

Ɗaya gefen kuma, kwana 9 bayan wasan Kane ɗin nan, Kevin Durant na ƙwallon kwando ya dawo daga ciwon sha-raɓa a wasa na biyar na ƙarshen gasar NBA a Toronto. A zubi na biyu agararsa ta tsinke. Kaka guda cur bai buga ba.

Gunner_Dan_Kurna:
Wai ƙwallon da ake sa hular kwano a rungume ta a ƙirji ita ma ƙwallo ce? Ku kira ta kokawa mana.

Bako_A_Filadelfiya:
Dan Kurna, ka zo in sa ka a fili minti biyu, za ka nemi hular kwanon da kanka.

Admin_Usee:
Jama'a a dawo kan tambayar Koci. Wanda ke son musun ƙwallon Amurka ya buɗe nasa zaren.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku yi mini afuwa tun kafin in fara, don misalin da zan kawo zai sosa muku tsohon miki. Sebastien Haller, ɗan wasan Kwaddibuwa. Ya zo gasar Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024 da ciwon idon sawu, wasannin rukuni uku duk bai buga ba. A gabansa Ikwatoriyal Gini ta yi musu 4-0, aka sallami koci Gasset, Emerse Fae ya karɓa. Fae bai ɗauko shi ya jefa cikin sha ɗayan farko ba. Daga benci ya fara shigo da shi a wasan Sanagal. Sai a wasan kusa da na ƙarshe da Kwango aka fara da shi, ya ci ƙwallo ɗayan da ta kai su. Wasan ƙarshe da Najeriya kuma, 11 ga Fabrairu a Abijan, kun fi ni sanin wanda ya sa tsinin takalmi a minti na 81. Wannan shi ne abin da Anti take faɗa, hawa-hawa. Kane bai sami wannan tsanin ba, daga jinya sai wasan ƙarshe.

Sarkin_Yakin_Gwale:
Kai Dan Damagaram, Allah ya isa. Muna zaune lafiya. Ekong ya ci mana tun kafin hutun rabin lokaci, Peseiro ya ce kowa ya koma baya a tare gida. A unguwarmu har an sayo fetur na zagayen gari da babura.

Malam_Kundi:
Adingra da ya bayar da ƙwallayen biyu a daren, ta Kessie da ta Haller, shi ma da rauni ya shigo gasar. Amma a yi wa Pochettino adalci, shi ba shi da inda zai gwada Kane. Firimiya ta ƙare 12 ga Mayu, aka yi mako uku babu wasa. Koci Bala ne ke da abin da Pochettino ba shi da shi: in ya ci ranar Asabar akwai wani wasan a gaba.

Nima_Zongo_Boy:
Ni daga Ankara, kuma ku san cewa in Bagane ya kawo sunan mutumin nan a matsayin misali to gaskiya ce ta tilasta shi, don tun hannun da ya sa mana a 2010 ba ma ambatonsa da alheri. Luis Suarez na Uruguay. An yi masa tiyatar gwiwa ranar 22 ga Mayu 2014, bai buga wasansu na farko a Kofin Duniya da Kosta Rika ta doke su ba, ranar 19 ga Yuni aka fara da shi da Ingila, ya ci biyu, 2-1. Kwana 28. Ba benci, ba hawa-hawa. Wani ɗan wasan ko da ƙafa ɗaya da rabi ya fi mai ƙafa biyu. Koci ne kaɗai ya san ko lamba taransa irin wannan ne.

Mai_Shayi_FC:
Ƙafar ta warke, haƙoran ne ba su warke ba. Kwana biyar bayan nan ya gartsa wa Chiellini cizo.

Anti_Fisiyo:
Nima, aikin da aka yi wa Suarez na gurunguntsin gwiwa ne, irin wanda ake saurin tashi daga gare shi. Kowane ciwo da halinsa. Drogba ya karya hannu ana saura kwana kaɗan Kofin Duniya na 2010, aka ɗaure masa ya buga har ya ci Brazil. Osimhen ya dawo da takunkumi bayan karayar ƙashin fuska. Hannu da fuska ana iya yi musu garkuwa. Tsoka da idon sawu kuwa su ne suke yin aikin, ba abin da za ka rufe su da shi. Kuma su Suarez a filin ciyawa mai laushi suke dirowa. Koci, filin naku fa?

Koci_Bala:
Anti kar ki tambaya. Filin makarantar firamare ne, burji da tsakuwa, ga wani kwari ta wajen kwanar gabas da ruwan damina ya ci.

Anti_Fisiyo:
To ka ƙara wannan a lissafi.

Spurs_Har_Gobe:
Duk na ji, amma har yanzu ina kan bakata a kan 2019. Sai dai zan faɗi wani abu da ban so faɗa ba. Kofin da muka zo muka ɗauka a Bilbao, Europa, da Manchester United, 21 ga Mayu 2025, Son ne kyaftin kuma bai daɗe da dawowa daga ciwon ƙafa ba. Postecoglou ya ajiye shi a benci ya fara da Richarlison. Brennan Johnson ya ci kafin hutun rabin lokaci, Son ya shigo a minti na 67, aka tashi 1-0, shi ya ɗaga kofin. Ban ce wannan ya nuna Pochettino ya yi kuskure ba. Na dai faɗa.

Gunner_Dan_Kurna:
Ka dai faɗa! A rubuta ranar nan.

Red_Devil_Fagge:
Me ya kawo Bilbao cikin wannan magana don Allah? Ana zaune ƙalau.

Baban_Madrid:
Kuma duka biyun korarsu aka yi. Pochettino a Nuwamban 2019, Postecoglou ko wata guda bai yi da ɗaga kofin ba. Koci Bala, kai dai ba mai korarka, ka yi abin da ka ga dama.

Tsohon_Lamba5:
Akwai wanda ba a yi maganarsa ba tun da aka fara, yaron da ya ci huɗu. In ka zaunar da shi ranar Asabar, sauran yaran da ke benci sun gane cewa komai suka yi, in mai wuri ya dawo za su koma inda suke. Moura da aka nuno yana kuka bayan wasan nan, ni ban ɗauka kukan rashin kofi ne kaɗai ba.

Dan_Anfield:
Ko kuma ka ce Origi bai yi fushi ba, ya jira minti 58 ya shigo ya ci. Ya danganta da yadda koci ya yi wa yaro magana kafin wasa.

Koci_Bala:
Jama'a na dawo, ga yadda aka yi. Jiya da la'asar na yi masa gwajin Anti a bayan aji, ban bari sauran yaran su gani ba. Tsayuwa da ido rufe, ƙafar dama na ƙirga har 30 yana nan kamar turke, ta hagu a 11 ya dafa bango. Langa gaba ya yi goma lafiya. Gefe da gefe a na shida ya cije leɓe, ya ci gaba har goma, da ya gama ya kalle ni yana murmushi wai "Koci ka gani ko?" Na ce na gani.

Yau bayan asuba na je gidansu. Wurin ya ɗan tasa kaɗan a ƙasan ƙashin, ba sosai ba. Mahaifiyarsa ta ce mini, Hajiya Maman Hanif kamar kina wurin, da daddare sai da ta dafa masa ruwan zafi ya gasa, kuma ya roƙe ta kada ta faɗa mini.

Na ce masa da ƙaramin zan fara, shi kuma in ana buƙata zai shigo minti 20 na ƙarshe. Bai ce komai ba, ya shige ɗaki. Ɗazu kyaftin ɗina ya kira ni wai yaron ya ce in ba za a fara da shi ba a ba shi katinsa, akwai ƙungiyar da ke nemansa a tsallaken titi. Babansa ma ya kira sau biyu ban ɗauka ba tukuna.

Anti_Fisiyo:
Ƙanƙara za a sa in ya kumbura bayan atisaye, ba ruwan zafi ba, a gaya wa maman. Kuma ni da 11 ɗin nan, ko minti 20 ɗin ban so ba a wannan filin. In dole ne a naɗe ƙafar da kyau, ka kuma sa shi ɓangaren da babu kwarin.

Spurs_Har_Gobe:
Ni da ni ne da shi zan fara, in cire shi a hutun rabin lokaci. In aka ci ku da wuri za ka sa shi cikin gaggawa ana rububi, wannan ya fi haɗari.

Gunner_Dan_Kurna:
Shekara nawa ba ku koyi komai ba ku 'yan Tottenham.

Maman_Hanif:
Ka ɗauki wayar babansa Koci, kada ya ji a bakin wani. Katin kuma ka ce masa ya zo da kansa ya karɓa bayan wasa.

Mai_Shayi_FC:
Ƙarfe nawa ne wasan? In huɗu ne zan rufe tebur in zo, amma a tanadar mini benci a inuwa.